Yakuwa a Bakin Gona: Sana'ar Zoɓo a Batsari da Safana

In ana zancen noma aka ambaci Batsari, rogo ne ke fara faɗowa a bakin mutane, kuma ba a yi ƙarya ba, don rogon Batsari ya yi sunan da ko a birnin Katsina mai talla kan jingina nasa da garin don ya samu ciniki. In aka gangara Safana kuwa sai a shiga lissafin gero da dawa da wake da gyaɗa. Da wuya ka ji manomi ya sa yakuwa cikin abin da ya noma bana. Tambaye shi, zai ƙirga maka damman gero da buhunan wake ya tsaya nan. Sai ka nuna masa jan layin da ya zagaye gonarsa sannan ya ce maka ai wannan na iyali ne.

Wannan na iyalin shi ne abin da matafiyi zai fi gani in ya bi hanyar Katsina zuwa Batsari, ko ya taso daga Dutsin-Ma ya nufi Safana da Runka, daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba. A lokacin an riga an girbe gero, karan dawa ya fara bushewa, ciyawa ta ƙone, sai yakuwa kaɗai ke tsaye jajir a bakin gonaki, ta bi iyaka ta karya kwana inda gonar ta karya. Tun daga kan titi kana iya gane inda gonar wani ta ƙare ta maƙwabcinsa ta fara. Ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina, wato Batsari da Safana, yawancinta jigawa ce, ga duwatsu, ga damina gajera wadda ke kankama a Yuni ko farkon Yuli ta ɗauke kafin Oktoba ya yi nisa. Ba kowace shuka ke jure irin wannan ƙasa ba, amma yakuwa ko a inda masara ta ƙi sai ta yi.

Shuka ɗaya ce, amma kowane sashe nata da sunansa da masu nemansa. Ganyen shi ne yakuwa, wasu su ce sure. Jan kwanson nan mai tsami da ake jiƙawa a sha shi ne zoɓo ko zoɓorodo. Ƙwayar da ke ciki ita ce gurguzu, da ita ake daddawar batso. Karan kuma a saɓe ɓawonsa a tufka igiya, ko da yake bai kai na rama ƙarfi ba, ragowar ta shiga murhu. Dangin kuɓewa ce da rama da auduga, kuma wanda ya dubi furenta zai ga jinin: fari mai ɗan ɗorawa-ɗorawa da jan tabo a tsakiya, ya buɗe da safe, kafin rana ta faɗi ya yanƙwane. Mutane da yawa, har da masu fitar da shi waje, suna kiran zoɓo fure, alhali ba furen ake sha ba. Bayan furen ya kaɗe, gindin da ya tallafe shi ne ke ci gaba da kumbura yana yin nama, har ya lulluɓe ƙwallon da iri ke ciki. Wannan rigar ta waje ita ce kayan. Akwai ja mai haske, akwai wanda jansa ya yi duhu har ana ce masa baƙi, akwai kuma fari. Baƙin ya fi kuɗi don kaɗan ke rina ruwa mai yawa. Farin na miya ne.

Dalilin da ya sa aka tura ta bakin gona ba raini ba ne kaɗai. Saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, don haka in ruwa ya yi tsaiko na mako biyu, gero ya fara murɗe ganye, ita ko a jikinta. Ba ta neman takin zamani. Ɗan takin gida da ya gangaro daga kunya ya ishe ta. Ba ta cin gurbin hatsi, ga shi kuma tana tsaye bayan an kwashe komai, ta zama shaida in maƙwabci ya so ya ɗan ci iyaka da garma. Da gamba aka fi shata iyaka a da, har yanzu ma ana yi, to amma gamba zana kawai take bayarwa, yakuwa kuwa har miya da kuɗin sabulu. Abin da ba ta so shi ne kwanciyar ruwa. A sa ta a fadama mai riƙe ruwa, sai gindinta ya ruɓe. Sai kuma ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke huda ganyen kuɓewa, su ma ba sa barin ta, da jan ƙwaron auduga da ke bin ƙwallon in ya fara ƙosawa.

Ana shuka ta da ruwan shuka tare da gero, wasu kuma sai sun gama noman firi. A sara rami da sungumi, a jefa 'yan ƙwayoyi, a take da dunduniya, in ta fito a cire a bar biyu. Waɗanda aka cire ɗin ba a yar da su, tukunya suke tafiya, kuma suna zuwa daidai lokacin da ake buƙatarsu, wato cikin marka, rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba. Akwai wani hali nata da tsofaffin manoma suka daɗe da sani kafin malaman gona su ba shi bayani: yakuwa ba ta lissafin kwanakin da ta yi a ƙasa, tsawon yini take bi. Sai rana ta fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, sannan take fure. Wadda aka shuka a Yuni da wadda aka shuka a Agusta kusan tare za su yi fure, sai dai ta Yuni ta riga ta yi tsawo ta yi rassa, kowane reshe ya jera 'ya'ya, ta Agusta kuwa tana nan 'yar guntuwa da 'yan ƙwallaye a jikinta. Wanda ya makara a shuka ba takin da zai rama masa. Nan ne kuma ake ɗan samun saɓani a cikin gida. Uwargida na son ganye, kullum a aiki yaro ya tsinko na miya, maigida kuwa, tun da zoɓo ya fara kuɗi, ya gane cewa duk yakuwar da aka yawaita figarta ba ta cika 'ya'ya. Gidan da aka iya zama, sai a ware layi ɗaya na miya a ƙyale sauran.

Ba a zancen noma a wannan yanki a tsallake Dajin Rugu. Shekaru da dama gonakin da ke kusa da dajin, waɗanda su ne suka fi albarka, sun gagari masu su saboda 'yan bindiga. A Fabrairun 2020 'yan bindiga suka afka wa Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari suka kashe mutum 30. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Batsari da Safana na ciki. Ƙauyuka suka watse, wasu suka taru a garin Batsari, wasu Dutsin-Ma, wasu Katsina, wasu har Maraɗi. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da wasu maƙwabtanta, mutane sun fara komawa gonakin da suka bari, kowa da addu'arsa a baki. A shekarun nan da noma ya dawo gefen gari, ɗan fili ya zama sai an ci moriyar kowane taƙi nasa, yakuwa na cikin abubuwan da suka rufa asiri. Tana fitowa a bayan gida, a gindin danga, a kangon da ba a gina ba. Macen da ta baro ƙauye da 'ya'ya ba jari, in ta samu tiya ɗaya ta zoɓo da ɗan sukari da leda, ta samu sana'a.

Aikin gaske yana farawa ne da kaka, kuma kusan duka a hannun mata yake. Mako biyu zuwa uku bayan fure ya kaɗe, kwanson ya cika ya yi ƙyalli, lokacin ɗiba ya yi. In aka yi gaggawa ba nauyi, in aka yi jinkiri ƙwallon ciki ya bushe ya tsage, gurguzu ya zube a ƙasa, kwanson ya yi tauri. Masu haƙuri suna bi suna tsinkar waɗanda suka ƙosa, daga ƙasan kara zuwa sama, su dawo bayan 'yan kwanaki. Mafi yawa kuwa, saboda aikin wake da dawa na jira, sai su bari ya ƙosa gaba ɗaya su sare da lauje, a ɗaure a ɗora a amalanke a kai gida a jibge a tsakar gida.

Sai ɓara. Mace za ta zauna a tabarma, tuli a gabanta, ƙwarya biyu a gefe. Ta tsinko ƙwallo, ta sa farcen babban yatsa a gindinsa ta tsaga, ta murɗe rigar ta jefa a ƙwarya ɗaya, ƙwallon iri a ɗayar. Ɗaya bayan ɗaya, dubbai. Jikin ƙwallon na da wani siririn gashi da ido ba ya cika gani, shi ke shiga tsakanin yatsu da gefen farce yana ƙaiƙayi, kafin azahar yatsun sun yi jawur sun fara tsagewa, tsamin zoɓon kuma ya bi tsagar yana cizo. Ga hunturu ya shigo, fata dama a bushe take. Wata ta naɗe yatsa da tsumma, wata ta shafa man gyaɗa ko man kaɗe, wata ta ce ita ta saba. Maƙwabta kan taru a yi na wannan gida yau gobe a koma na wancan, ana yi ana hira, 'yan mata na taya iyayensu. Inda ake biyan lada kuwa, ladan bai taka kara ya karya ba. A wasu ƙasashen da ke noman zoɓo ana amfani da ɗan bututun ƙarfe mai kaifin baki, a soka a gindin ƙwallon a tura shi ya fita ta sama, rigar ta fito ɗungurungum ba ta yage ba, hannu kuma ya tsira. Abu ne da kowane maƙeri a kasuwar Batsari zai iya ƙerawa in an nuna masa sau ɗaya.

Daga ɓara sai shanya, kuma a nan ne ake samun kuɗin zoɓo ko a zubar da shi. Ɗanyen zoɓo kusan duk ruwa ne: sai an shanya wajen kilo 10 kafin a samu kilo 1 busasshe. Iskar hunturu na taimakawa, cikin 'yan kwanaki ya bushe ƙayau. To amma a ina aka shanya? Mai tabarma ko tamfol ta shimfiɗa. Wadda gidansu ke kusa da fa, irin duwatsun da ke wajejen Ruma, ta share ta baza a kai. Wadda ba ta da ko ɗaya sai ta share ƙasa ta zuba, kaji su bi ta kai, akuya ta saci na bakinta ta bar kashinta, iska ta kawo rairayi ya maƙale a jikin zoɓon tun yana da danshi, in ya bushe kuma ba ya fita. In aka tara shi da kauri ba a juyawa, ko raɓa ta sauka a kansa da dare, sai ya yi baƙi irin na lalacewa ya kama fumfuna. Duk wahalar damina da ta ɓara, shimfiɗa ɗaya ke yanke mata farashi.

Kafin a kai ga kasuwa, akwai abin da gida ke ci. Ganyen yakuwa shi ke tayar da fate, ko na tsaki ko na wake. Miyar taushe in ba ɗan tsaminta sai ka ji kabewa ta yi zaƙi salam. Ana dafa shi a matse a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli da albasa da barkono. In tsamin ya yi yawa a zubar da ruwan farko ko a ɗiga ruwan kanwa. Ana kuma busar da ganyen a ajiye don rani. Farin zoɓo shi ma a dafa shi da gyaɗa ya zama miya, wasu su kwaɗanta shi.

Daddawar batso kuwa sana'a ce mai zaman kanta, kuma yawanci ta tsofaffi ce, don tana son haƙuri da itace da hancin da ba ya ƙyama. A sheƙe gurguzu, a wanke a rairaye tsakuwa. A ɗora a babbar tukunya da ruwan toka ko kanwa, a yi ta iza wuta tun safe har dare, saboda ɓawonsa tauri gare shi. Sai an murza ƙwaya tsakanin yatsu ta fashe ta yi laushi ake saukewa. A tsane ruwan, a juye a tukunya ko kwando, a lulluɓe da buhu a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Ran da aka buɗe, maƙwabta ba sa buƙatar a sanar da su. A daka a turmi, a yayyafa ruwan toka, a sake rufewa ta ƙara kwana, sannan a cura a shanya har ta yi baƙi ta bushe. Warinta ya fi na daddawar kalwa kaifi, shi ya sa 'yan birni ke yatsina fuska, amma a jefa ta a miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa a ji yadda take zaunar da miya. Ba ɗanɗano kaɗai take bayarwa ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin gurguzu sinadarin gina jiki ne, ga kuma mai, don haka gidan da nama ke wuyar shiga, batso na toshe wata kafa da dunƙulen kanti ba zai toshe ba, shi da yake yawancinsa gishiri ne. Ba mu kaɗai muka san ta ba: ana yin irinta a Nijar da Burkina Faso da Mali da arewacin Kamaru har Sudan. Da yake itatuwan ɗorawa na raguwa a gonakinmu, kalwa na tsada, ni a ganina bai kamata a bar wannan sana'a ta bi tsofaffin da suka iya ta ba.

Zoɓon sha shi ne fuskar da kowa ya sani. A ɗauraye shi sau biyu da hanzari don rairayi ya fita ba tare da launin ya bi ruwa ba, a tafasa ko a jiƙa a ruwan zafi da citta da kanumfari da masoro, mai hali ta jefa ɓawon abarba. A tace da ƙyalle, a sa sukari, a ƙulla a leda ko a ɗura a gora, a jera a kula da ƙanƙara. Yara su ɗauka su nufi tasha da bakin makaranta da kasuwa. Biki da suna da walima duk ba sa cika sai da shi, in azumi ya faɗo cikin zafi kuwa, mai zoɓo ba ta kwana da kaya. Saboda haka masu dabara ke sayen busasshe da kaka lokacin yana araha su ɓoye har watan azumi ya matso. Sana'a ce mai rufin asiri, amma tana da abin gyara, kuma gara a faɗa. Akwai masu ƙara kala da ɗanɗanon kanti don su tsawaita ruwa, akwai masu sa sakarin a madadin sukari, akwai gorunan da aka tsinto ba a san bakin da ya sha su ba aka ɗauraye sama-sama. Ruwan da aka sirka da shi bayan an sauke ma abin dubawa ne, don tafasar farko ba ta tsarkake ruwan da aka ƙara daga baya.

Sai batun magani, inda gaskiya da ƙari suka cakuɗe. Abin da aka fi faɗa shi ne zoɓo na sauke hawan jini, kuma wannan yana da tushe. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa amma ba su kai ga shan ƙwaya ba. Aka ba wasu kofi uku na ruwan zoɓo kullum har mako shida, wasu aka ba su wani abin sha mai kama da shi. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓo ta sauka da kimanin maki 7, ta sauran kuwa da maki 1 da 'yan kai. Maki 7 ba abin rainawa ba ne ga wanda jininsa ke bakin iyaka. Amma wanda nasa ya haura 170 ko 180, zoɓo ba zai dawo da shi daidai ba, kuma ajiye ƙwayar asibiti a koma masa kaɗai hanya ce ta gayyato shanyewar ɓarin jiki. Sannan zoɓon da ake nufi ba wanda aka narka wa rabin kwanon sukari ba ne. Mai ciwon suga da ke shan irin na talla da sunan magani cutar kansa yake. Wanda ke kan maganin hawan jini kuma yana son shan zoɓo kullum, ya gaya wa likitansa, don ƙarfin biyun na iya haɗuwa jinin ya sauka fiye da kima.

Ana kuma cewa yana ƙara jini. Jan da ke cikinsa ba shi da dangantaka da jinin mutum. Launi ne irin na tsirrai, shi ya sa in ka ɗiga masa ruwan kanwa nan take zai juye ya yi duhu. Mai ƙarancin jini, musamman mace mai ciki ko mai jego, wake da zogale da hanta da ƙwayoyin da ake bayarwa wurin awo sun fi mata kofin zoɓo, masu juna biyu ma shawarar da ake ba su ita ce kada su yawaita shi. Yana sa fitsari, yana ɗan sassauta ciki, yana buɗe baki ga wanda zazzaɓi ya kwantar, waɗannan duk an sani. Mai gyambon ciki kuwa sau da yawa tsaminsa na tayar masa da ciwo. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: kada a kora ƙwayar magani da zoɓo. Wani gwaji da aka yi a Sudan a 1994 ya nuna yana rage yawan kulorakwin da jiki ke ɗauka. An daina ba da kulorakwin don zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, amma darasin na nan. Ruwa zalla shi ne abokin ƙwaya.

Abin da ya rage bayan na gida shi ke fita kasuwa. Ranar Alhamis, kasuwar Batsari, za ka ga mata da tsofaffi da ƙullin zoɓo a buhunan taki, masu saye na zagayawa. Mai saye zai tsuguna ya ce, “Inna, nawa tiya?” Kafin ta amsa ya riga ya tura hannu har ƙasan buhun, ya damƙo ya matse. In ya ji ƙaras-ƙaras ya san ya bushe, amma ba zai faɗa ba. Zai murza tafinsa ya nuna mata rairayi, ya ce da sauran danshi. Ya taya, ta ce albarka, ya ɗan ƙara, ta dubi rana ta tuna cefane da kuɗin mota, ta sallama. Da tiya ake auna mata, a cika a yi tozo, hannu ya tare gefe. Shi kuwa in ya tara, ya danna a manyan buhuna, da kilo zai sayar. Tsakanin tiya da sikeli nan ribar farko take, kuma ba ita ke cin ta ba. A faɗi gaskiya, ta ɓangaren masu sayarwa ma ba a rasa masu yayyafa ruwa ko barbaɗa ƙasa don buhu ya yi nauyi, abin da ke sa mai saye ya karya farashin kowa, mai gaskiya da maras ita.

Daga nan kaya sai Kano, kasuwar Dawanau, inda zoɓon Katsina ke haɗuwa da na Jigawa, wadda ta fi kowace jiha suna a nomansa, da wanda ke tsallakowa daga Nijar. A manyan ɗakunan ajiya wasu matan ne kuma za su zauna su tsince kara da tsakuwa da gashin kaza, a tankaɗe rairayi, a ware baƙi da ja, a danna a buhu. Kaya ne mara nauyi mai cin wuri, babbar kwantena ba ta ɗaukar abin da ya wuce wajen tan 12. Sai tashar jiragen ruwa ta Legas, sai Meziko, inda ruwan zoɓo yake abin sha na yau da kullum a gidaje da wuraren cin abinci, abin da suke nomawa kuma ba ya isarsu. Wani kuma ya tafi Jamus da Amurka a sa shi cikin ganyen shayi. Hukumar NAQS, mai kula da lafiyar amfanin gonar da ke shiga da fita Najeriya, ta ce a 2017 an tura kwantena 1,983 zuwa Meziko, aka samu dala miliyan 35 cikin wata tara. Ba a daɗe ba Meziko ta rufe ƙofa, saboda an ga wani ƙwaron ajiya a cikin kayan da aka aika. Farashi ya faɗi, 'yan kasuwa suka zauna da kaya, aka shafe shekaru ana kai-kawo kafin a sake buɗewa, bisa sharaɗin sai an yi wa kowane kaya turaren kashe ƙwari a wuraren da hukuma ta amince da su. Ƙwaron ba a gonar Batsari ko Safana ya shiga ba, a ɗakin ajiya ya shiga, amma faɗuwar farashin har tabarmar mai ɓara ta iso.

In kasuwa ta yi kyau kuwa, labarin kan juya. Shekarar da zoɓo ya yi tsada, baɗi sai ka ga magidanci ya fitar da yakuwa daga bakin gona ya ba ta fili sukutum, kuɗin kuma ya daina zama na iyali ya koma aljihunsa, alhali yatsun da ke tsagewa ba su canja ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sannan in kowa ya shuka, kaya suka yi yawa ko wata ƙasa ta rufe ƙofa, sai a wayi gari da buhunan da ba a tuwo da su. Tsarin da na bakin gona, hatsi a tsakiya zoɓo a gefe, ya fi aminci ga mai ƙaramin ƙarfi, ko da zai ƙara layi biyu ko uku.

Abin da wannan sana'a ke buƙata a Batsari da Safana ba mai yawa ba ne, kuma ba sai an jira Abuja ba. Tamfol na shanya, ɗan ƙarfen ɓara, irin baƙin zoɓo tsantsa wanda ba a gauraya da ja ba, da sikeli a kasuwa wanda mai sayarwa za ta iya karanta lambarsa da idonta. Mata goma ko ashirin in suka haɗa kayansu mai tsabta wuri ɗaya, sun isa su kira ɗan Dawanau ya zo ya same su a yi ciniki da kilo. Hukumar KTARDA mai kula da bunƙasa noma a Jihar Katsina na da malaman gona, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma na da tsangayar aikin gona a maƙwabtaka da Safana, ƙananan hukumomin biyu kuma na da sashen noma. Roƙonmu gare su shi ne su sa zoɓo cikin lissafi kamar yadda ake sa masara da shinkafa, kuma in za a yi taron wayar da kai a kira masu ɓarar, ba mazajensu kaɗai ba. Iri a kawo shi kafin Yuni, tamfol kuma ya iso hannun mata a Oktoba, don a Nuwamba ake shanya.